Akun da Marigayi Ya Bar Mini

An haife ni a wani ƙauye da ke kusa da kogin Haɗejiya a ƙasar Ringim, a nan na girma, kuma a makarantar firamare ta ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu nake koyarwa har yau. A tasowarmu ba mu san tsuntsu da wani matsayi ba sai na ɓarawon hatsi ko na nama. Idan gero ya fara nuna, akan tura mu gona tun da sassafe da gwangwanaye mu kori jan-baki, waɗanda kan sauko garke guda su cinye wahalar damina kafin rana ta take. Yara maza kuwa sukan kama ɗan tsuntsu da tarko, su ɗaura masa zare a ƙafa, su yi ta jan sa har ya mutu, ba tare da wani babba ya tsawata ba. Ban taɓa zaton tsuntsu yana da zuciyar da za ta shaƙu da mutum ba, balle ya yi rashin lafiya saboda rabuwa.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro yake yi tsakanin Shagamu da kasuwannin Kano da Jigawa. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa na farkon aurenmu ya dawo da aku, irin mai launin toka da jar wutsiya, wanda ya saya a hannun wani abokin cinikinsa da zai tashi daga garin. Wannan ya faru ne kafin shekarar 2016, lokacin da ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai, suka yi taro a Johanasbag ta Afirka ta Kudu suka hana cinikin irin wannan aku da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda kamu da saran dazuzzuka suka rage yawansa. Mu a lokacin abin da muka sani kawai shi ne an kawo tsuntsu mai magana, kuma yaran unguwa suka yi ta cika mana zaure.

Akun nan na Malam ne shi kaɗai. Ni ce mai zuba masa ruwa da abinci idan Malam ya yi tafiya, amma bai taɓa yarda na taɓa kansa ba. Yakan gane ƙarar babur ɗin Malam tun daga bakin hanya, ya kama tsalle a kan sandarsa yana fito, kuma idan Malam ya zauna a tabarma bayan sallar isha'i, sai ya buɗe masa keji ya hau kafaɗarsa yana tsefe masa gemu da baki. A hankali ya kwashe muryarsa kaf: sallamar da yake yi a ƙofar gida, gyaran muryarsa kafin ya yi magana, yadda yake kiran babban ɗanmu, har da tarin da yake yi da asuba a lokacin hunturu. Sau da yawa na amsa sallama daga madafa, na fito na tarar babu kowa sai tsuntsu.

Malam ya rasu a hatsarin mota a hanyarsa ta dawowa daga kudu, ana dab da shiga daminar 2022. Ba zan tsaya a kan wannan ranar ba, domin duk wadda aka yi wa irin wannan kiran waya ta san abin da ke ciki. Abin da nake so in faɗa ya soma ne bayan an share makoki, jama'a sun watse, na shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma a ɗakin da komai nasa yake nan yadda ya bar shi. Da asubar farko da gidan ya yi shiru, akun ya yi gyaran murya, sannan ya yi sallama da muryar Malam. Na san tsuntsu ne, hankalina bai gushe ba, amma jikina ya miƙe tsaye kafin tunanina ya iso, kuma na daɗe a tsaye ina riƙe da bango.

Surukata, wadda take zaune tare da mu, ba ta iya jure wannan murya ba. Ta same ni ta ce, "'Yata, a fitar da tsuntsun nan daga gidan, kullum sai ya tona mini kabarin ɗana." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ban iya ba." Ban ba ta wani dalili ba, domin dalilin nawa ba mai faɗuwa ba ne a lokacin. Na wayi gari ina shimfiɗa tabarma kusa da keji, ina zaune ina jiran ya sake yin sallamar. Abinci yakan huce a gabana, yara su yi mini magana in amsa da ka, amma kunnena yana wajen tsuntsu. Idan ya yi yini bai yi muryar ba, sai in ji kamar an sake yi mini rasuwar.

Shi ma akun ba lafiya yake ba. Ya rage cin abinci, ya daina fito, kuma duk babur ɗin da ya wuce sai ya miƙa wuya ya saurara, sannan ya koma ya takure. Daga nan ya fara cire gashin ƙirjinsa da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, har fata ta bayyana. Da Inna ta ga haka sai zuciyarta ta yi sanyi, ta tsaya a gaban kejin ta ce, "Ashe kai ma kana cikinta. Da ma sabo ake yi wa kuka." Ita ce ta ɗauko wata tsohuwar hular Malam mai aikin zare ta ce a saka masa, ko ganinta zai kwantar masa da hankali. Babban ɗana kuma ya rataya masa tarin makullan mahaifinsa, saboda ya tuna yadda akun yake son kaɗa su, ƙannensa suka ƙara da madubin babur da ya fashe da wata 'yar ƙararrawa irin wadda ake ɗaura wa akuya. Kowa ya kawo abin da yake ganin zai ɗebe masa kewa, kuma da zuciya ɗaya aka yi.

Da farko abin ya yi kamar ya yi amfani. Akun ya rungumi hular nan fiye da yadda muka zata. Yakan ja ta zuwa lungun keji ya kwana a jikinta, ya yi ta tsefe zarenta kamar yadda yake tsefe gemun Malam, kuma lokaci-lokaci sai ya riƙa ɗaga kai yana saukewa har ya dawo da abincin da ya haɗiye ya ajiye a kanta. Daga baya na fahimci cewa haka aku yake ciyar da abokin zamansa a daji, wato ya ɗauki hular a matsayin wanda ya rasa. Amma tare da wannan sai halinsa ya canza. Duk wanda ya kai hannu kusa da hular sai ya kai masa cizo, ya fasa wa ƙaramar 'yata yatsa, kuma ya daina kula kowa a gidan, har ni da nake yini a gefensa.

Wata safiya na lura yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya ƙi sauke ɗayar. Ƙafar aku yatsu huɗu gare ta, biyu suna kallon gaba, biyu suna kallon baya, kuma da ita yake riƙe abinci ya kai baki. Ɗaya daga cikin na bayan ya kumbura ya yi baƙi, domin wani siririn zare daga hular ya naɗe shi ya shige cikin fata har ba a iya ganinsa sai an dube shi a rana. Ina takaba, saboda haka yayana ne ya nemo malamin dabbobi na yankinmu, suka lulluɓe tsuntsun da zane, aka yanke zaren da ƙaramin almakashi aka wanke wurin. Yatsan ya tsira, amma farcen ya faɗi bai sake fitowa ba. Malamin ya ce zare da tsumma da igiyar auduga da ta tsefe suna daga cikin abubuwan da suka fi raunata tsuntsayen keji, domin ko ba su shaƙe yatsa ko wuya ba, tsuntsu yakan haɗiye su kaɗan-kaɗan su dunƙule a jakar abincin da ke wuyansa. Ya ce a cire hular. Aka cire ta, akun ya yi yini yana ihu yana dukan keji da fukafukai, ya ƙi ci, ya ƙi sha, har muka ji tsoro muka datse zarurrukan da suka fito muka mayar masa.

Ana cikin haka ruwan 2022 ya zo. Duk mutumin Jigawa ya san abin da ambaliyar wannan shekarar ta yi wa garuruwan da ke bakin kogi, daga Ringim har zuwa Haɗejiya. Gonarmu ta shinkafa ta nutse, katangar gidanmu ta yamma ta faɗi a kan rumfar da kejin yake, kuma Allah ne Ya sa ɗana ya shigar da tsuntsun ɗaki a cikin kwando tun da dare. Tsohon kejin ya lanƙwashe ba ya gyaruwa. Da muka samu kanmu, wani mai walda ya haɗa mana sabo da ragar waya sabuwa fil, irin mai ƙyalli da ake yi wa kaji, aka mayar da hula da makullai da ƙararrawa da madubi yadda suke.

Aku da bakinsa yake hawa, ya kama waya ya ja jikinsa, kuma wanda ba shi da abin yi yakan yini yana gurgurar duk abin da ke kusa da shi. Bayan 'yan makonni ya fara dawo da abinci fiye da da. Mun ɗauka ciyar da hular yake yi kamar yadda ya saba, shi ya sa babu wanda ya tashi tsaye. Ina so mai karatu ya riƙe bambancin da ni ban sani ba sai a bakin likita. Idan tsuntsu yana ciyar da abin da yake ƙauna, da gangan yake yi, yana cikin nishaɗi, ya ɗaga kai ya sauke sannan ya ajiye abincin a wuri guda. Idan kuwa amai ne na ciwo, sai ya riƙa girgiza kai abin yana fantsama a jikin keji, gashin kansa da na fuskarsa su jiƙe su manne. Namu ya koma na biyun. Ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kashinsa ya zama ruwa-ruwa kore, ya bar sanda ya sauka ƙasan keji ya hura gashinsa, kuma ranar da na ga ƙafafunsa suna rawa ya kasa riƙe gyaɗa, na san abin ya wuce kewa.

A lokacin na fita takaba, amma hannuna babu komai, ga marayu huɗu, ga katanga a ƙasa, ga shinkafa ta tafi. Da na ce zan kai tsuntsu Kano wajen likita, wasu daga cikin dangi suka ga abin bai dace ba. Yayana ya ce, "Ƙanwata, ki duba yaran nan, kuɗin motar kaɗai ya isa cefanen mako." Na ce, "Yaya, na duba su, amma rai ne a hannuna, kuma ni za a tambaya." Na kwana ina juya maganar, domin shi ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya tsayar mini da zuciya shi ne hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Tsuntsun nan ba shi ya zaɓi keji ba, an raba shi da dajinsa, ba zai iya rayuwa a sararin Jigawa ba ko da na buɗe masa ƙofa, saboda haka duk abin da ya same shi a cikin wayar nan yana wuyanmu. Na kuma tuna da ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai raina baƙin cikinsa ba, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Da gari ya waye na ba da tunkiyata aka kai kasuwa, kuma Yayan da ya yi mini magana shi ne ya raka ni.

Likitan da muka samu a Kano ya saurare ni da kyau, sannan ya tambaye ni abin da ban yi tsammani ba. Bai fara da abinci ba, cewa ya yi, "Malama, ki lissafa mini duk abin da ke cikin kejin, da abin da aka yi kejin da shi." Da na ambaci sabuwar raga da makullai da ƙararrawa, sai ya ce a ɗauki hoton cikinsa. A hoton ya nuna mini wasu 'yan ɗigo farare a cikin ƙundunsa, ya ce ɓarɓashin ƙarfe ne. Ya bayyana mini cewa abin da ke sa ragar kaji da kwanon rufi ƙyalli wani ƙarfe ne mai suna zink da ake shafa musu don kada su yi tsatsa, kuma sabuwar raga takan zo da 'yan ƙulle-ƙullensa da farar ƙura waɗanda tsuntsu ke ɓantara ya haɗiye. Ƙananan ƙararrawa masu araha da sarƙoƙi da zif da ƙusoshi su ma sau da yawa da shi ake rufe su. Makullai na tagulla kuwa sukan ƙunshi dalma, haka ma tsohon fenti, da dalmar da masu gyaran rediyo ke liƙi da ita, da cikin batir, da bayan wasu madubai, har da kwallin dutse da muke sa wa a ido.

Da ya ambaci dalma sai gabana ya faɗi, domin na tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Idan ta yi wa ɗan Adam haka, ina ga halittar da nauyinta bai wuce rabin kilo ba. Likitan ya ce abin da ke ƙara wahalar da lamarin shi ne tsuntsu yana ɓoye ciwonsa, saboda a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara kamawa, don haka kafin mai shi ya ga alama ciwon ya riga ya yi nisa. Aka yi masa ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, aka fara yi masa allurar wani magani da ke kama ƙarfen a cikin jini ya fitar da shi ta ƙoda, aka riƙa ba shi abinci mai ruwa da sirinji, aka ajiye shi a wuri mai ɗumi. Na sauka a gidan wata 'yar uwa a cikin birni har aka gama zagayen allurar farko.

A zaman nan ne likitan ya yi mini maganar da ta fi maganin tasiri a kaina. Na ba shi labarin hular, sai ya ce aku tsuntsun garke ne, a dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango suna kwana da yawa a bishiya guda, suna yini suna neman 'ya'yan itatuwa irin su kwakwar manja, kuma kowane babba yana da abokin zama guda da yake daɗewa tare da shi. Wanda aka ajiye shi kaɗai dole zuciyarsa ta kama wani abu, ko mutum ɗaya, ko madubi, ko tsumma. Ya ce laifin ba a shaƙuwar yake ba, a ƙuncinta yake, domin idan duk duniyar tsuntsu ta taru a kan abu guda, ranar da abin ya gushe sai ya juya kan jikinsa. Ya ƙara da cewa madubi da lungu mai duhu da abu mai laushi da yake kwana a jikinsa, da shafa masa baya ko ƙarƙashin fukafukai, duk suna tayar masa da sha'awar aure, su sa shi kishi da cizo, idan mace ce kuma su sa ta yawan yin ƙwai har ƙarfin jikinta ya ƙare. Kai da wuya kaɗai ya kamata a sosa masa. Yana magana a kan tsuntsu, ni kuwa ina jin rabin maganar a kaina, domin ni ma na tattara duniyata a kan murya guda na bar 'ya'yana suna kallon bayana.

Da muka dawo gida ba a mayar da shi cikin ragar ba. Da ragowar kuɗin tunkiya da gudummawar malaman makarantarmu na sayi tsohon keji na kamfani, wanda tsakanin sandunansa bai wuce santimita 2 zuwa 2.5 ba yadda kansa ba zai shige ya maƙale ba, na kuma canza masa kwanukan ci da sha zuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Makullai da ƙararrawa da madubi ba su sake komawa ba. Zoben makulli ma kaɗai hatsari ne, don bakin tsuntsu yakan shige tsakanin wayoyinsa biyu, ƙararrawa mai tsaga takan kama farce, kuma ɗan ƙarfen da ke kaɗawa a cikinta aku yana iya cizge shi cikin ɗan lokaci.

Hular ce ta fi wuya, kuma a kanta na fi daɗewa ina shawara. Na ga abin da cire ta farat ɗaya ya haifar, saboda haka muka bi ta yadda ake yaye yaro. Da farko aka rataye ta a wajen keji inda yake ganinta amma bakinsa ba ya kai wa, sannan aka riƙa matsar da ita nesa, ana ɗauke ta da rana a lokacin da yake da abin yi, har aka kai ga ba ya nemanta. A madadinta muka ba shi abubuwan da zai lalata ba tare da sun cutar da shi ba, kuma duk a gona da tsakar gida muka same su: totuwar masara, guntun kara, kaba da ba a rina ba, goruba, ɓawon kuka, reshen gwaiba da aka wanke aka shanya, da kwali marar gam da ƙusar takarda. Aku yana tsoron sabon abu, ko totuwa aka jefa masa ba zato sai ya firgita, shi ya sa muke ajiye abin a nesa ya yi kwanaki yana kallo, wani yaro ya riƙa wasa da shi a gabansa, kafin a kai masa. Abin da ya fi so shi ne a naɗe gyaɗa a cikin ɓawon masara a cusa tsakanin sanduna, ya yi ta fama har ya kai gare ta. Gyaɗar ma sai mun zaɓe ta, domin wadda ta yi fumfuna guba ce gare shi, kuma ba a ba shi fiya ko albasa ko abu mai gishiri. Na kuma daina kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a inda yake, saboda numfashin tsuntsu ba ya jure hayaƙin da mu muke jurewa.

Sai kuma raba shaƙuwar tasa, wanda shi ne ya taɓa ni kai tsaye. Na ɗauke tabarmata daga gefen keji na mayar da kejin inda ake hada-hadar gida. Babban ɗana ya karɓi fitar da shi shan hantsi, domin irin wannan aku yana yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙarfin ƙashi idan ba ya samun rana, mai bi masa ya karɓi wanke kwanuka, 'yan matan kuma su ke haɗa masa kayan wasa suna duba su kowace safiya ko akwai tsini ko zare. Inna da kanta take rufe kejin da zane bayan isha'i don ya samu barcin awa 10 zuwa 12 da yake bukata. Na san abin da wannan zai jawo, kuma ya jawo shi. Akun ya fara koyon muryoyin yara, da kukan awaki, da karatun allon da ake yi a zaure, muryar Malam kuma ta riƙa raguwa a bakinsa. Akwai daren da na yi kuka a kan haka fiye da kukan da na yi a ranar sadakar arba'in, har na ji kamar ni ce na kore ta da hannuna. Amma a watannin nan ne na koma aji, na fara sanin abin da ke damun kowane ɗa nawa, na gano cewa ƙaramar ta daɗe tana tsoron ƙarar mota ba ta faɗa wa kowa ba.

Yanzu akun yana ci, yana fito, yana yarda mutum uku a gidan su sosa masa kai, ni ce ta ƙarshe da ya amince da ita. Yana yin sallamar Malam jefi-jefi, musamman idan babur ya tsaya a ƙofa, kuma ina amsawa in ci gaba da aikina. Wani ɓangare na ƙirjinsa har yau babu gashi, likita ya ce inda aka daɗe ana cirewa tushen yakan mutu. Irin wannan tsuntsu yana iya kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane, wato mai yiwuwa ne in riga shi mutuwa, shi ya sa na tara yaran a gaban kawunsu muka yi magana a kan wanda zai riƙe shi, babbar 'yata ta ce ita ce, ko da aure ya kai ta wani gari.

Tun da labarin ya bazu, masu tsirya da kanari a ƙauyukan da ke kusa sukan kawo mini kejinsu in duba. A makon da ya wuce wani ɗalibina ya zo da tsiryarsa, na tarar an ɗaura mata murfin kwalba da wayar lantarki, ga guntun buhu da ya tsefe a ƙasan kejin. Muka zauna a zaure muka kwance su tare, na ba shi totuwa da kaba, na nuna masa yadda zai duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya a cikin haske. Da ya ce mahaifinsa yana neman wanda zai kawo masa aku daga kudu, na roƙe shi ya gaya masa cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kamowa suna mutuwa a hanya kafin su iso kasuwa, kuma in yana so ya zo gidanmu da kansa mu yi maganar.